GADON JINI: ABIN DA ƊA KE ƊAUKOWA WAJEN UWA DA UBA

Ƴan uwa na gida da na waje, a taron ƙungiya na bayan Sallah wani ɗan garinmu, wanda ya daɗe yana aikin gidan likita har ya ajiye aiki, ya yi mana jawabi a kan gado. Dattawa suka ce a buga shi don waɗanda ke Yamai, da Abijan, da Kwatano, da Legas su samu. Ga shi yadda ya faɗa. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum.

Iyayena dattawa, malamai, iyaye mata, ƴan uwana da ƙannena, ina gaishe ku, ina yi muku barka da Sallah. Waɗanda suka zo daga nesa, sannunku da hanya. Ina neman gafara tun yanzu, domin maganar da zan yi ta shafi aure da haihuwa, kuma akwai waɗanda suka haife ni a nan zaune. In na faɗi abin da kunya ta hana, a yi mini uzuri, lalura ce ta kawo.

In an ce gado, hankalinmu yana tafiya wajen gona da gida da dabbobi, abin da malamai ke rabawa bayan mutum ya rasu. Akwai wani gadon da ake rabawa tun mutum bai zo duniya ba, shi ne na jiki: tsawo, launin fata, kamannin fuska, irin jini. A kansa zan yi magana, kuma zan fara da gidanmu. Na nemi izinin mai labarin, ita ta ce in faɗa.

Yayata, wadda nake bi, an yi mata auren zumunci da taubashinta. Ta haifi ƴaƴa bakwai. Uku daga ciki ba su kai shekara biyar ba. Kowanne yadda ya fara haka ɗan uwansa ya fara: yaro yana wata shida ko bakwai sai hannuwa da ƙafafu su kumbura, ya kwana yana kuka, idanu su yi ɗorawa kamar mai shawara, jiki ya yi fari fat. Aka ce iska ce, aka ce maita ce, aka ce nononta ne ba shi da kyau, aka sa mata suna mai wabi. Mijin ya ƙara aure, ya ɗauko mace daga wani gari, ta haifi biyar, duka lafiya lau. Sai kowa ya ce to, ga shaida, abin daga wajen uwargida yake. Ita ma kanta ta yarda. Shekaru da yawa ta yi tana tafiya kai a sunkuye cikin gidan mijinta.

Bayan na shiga aikin likita na lallashe su su uku aka auna jininsu. Abin da aka samu a jikin yayata, shi aka samu a jikin mijinta, daidai wa daida. Ni ma da aka auna ni ina ɗauke da shi. Amaryar ce kaɗai ba ta da shi. Yaya aka yi mutum biyu masu lafiya suka haifi marasa lafiya? Yaya aka yi miji ɗaya, ƴaƴan wannan ɗaki suka mutu, na wancan suka rayu? Ku biyo ni sannu, za mu komo kan amsar.

ABIN DA MANOMI DA MAKIYAYI SUKA SANI

Wannan ilimi ba baƙo ba ne gare ku. Ran girbi, kowane magidanci yana ware zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ya ɗaure ta daban, ya ce wannan iri ne, ko yunwa ta matsa ba a taɓa shi. Mai akuya yana duba bunsurun da zai bari cikin garke. Jar akuyar Maraɗi da fatarta ta yi suna har ƙasar Turai, zaɓe ne ya tsare ta: tun zamanin Turawa ma'aikatan dabbobi suna fiɗiye bunsuran da ba jajaye ba, kuma aka kafa gidan kiwon awaki a Maraɗi don a adana irin. Haka aka yi ma shanun Azawak a Tukunus, wajen Filinge. Duk wannan yana tsaye a kan magana ɗaya, cewa ɗa yana ɗauko halin iyayensa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Amma kun san ɗaya gefen. Ka shuka zango mai kyau, sai ka ga shibra ta fito cikin gonar, kai ba ka shuka ta ba. Dalili, hatsi iska ke ɗaukar bununinsa daga wannan kai zuwa wancan. Zangarniyar da ka zaɓa uwa ce, ka gan ta da idonka. Uban kuwa bununin da iska ta kawo ne, wataƙila daga gonar maƙwabci, wataƙila daga shibra ko hatsin daji. Shi ya sa irin da ake samowa daga gidan binciken gona na Tarna, kamar HKP, in an yi ƴan shekaru ana maimaita shi kusa da wani iri sai ya gauraye, a ce a sabunta. Ke nan ko ƙwayar hatsi tana da uwa da uba, kuma rabonsu a cikinta daidai yake.

MUTUMIN DA YA ƘIDAYA WAKE

Wanda ya fara gano ƙa'idar wannan abu wani malamin addinin Kirista ne mai suna Gregor Mendel, a garin Brno, cikin ƙasar da yau ake kira Cek. Daga 1856 zuwa 1863 ya zauna cikin lambu yana shuka wani irin wake na ƙasarsu. Abin da ya bambanta shi da sauran manoma shi ne, da hannunsa yake ɗaukar bununi daga wannan fure ya sa ma wancan, don ya san uba ya san uwa, sannan ya ƙidaya ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya ya rubuta.

Ya haɗa wake mai dogon kara da mai gajeren kara. Ku da ni za mu ce ƴaƴan za su fito tsaka-tsaki. Ina! Duka suka fito dogaye, gajarta ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Sai ya bar waɗannan dogayen suka yi ƴaƴa. Cikin jikokin ya samu dogaye 787, gajeru 277. Ya gwada da launin ƙwaya, ɗorawa da tsanwa: ƴaƴan fari duka ɗorawa, jikoki kuwa ɗorawa 6022, tsanwa 2001. In kun lissafa, kowane karo wajen uku ne da ɗaya. Abin da ya ɓace a ƴaƴa ya komo a jikoki, ɗaya cikin huɗu.

Ga abin da ya fahimta. Kowane hali yana da ƙwayar gado guda biyu a jikin mai shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ba su narkewa cikin juna kamar nono da fura, kowace tana nan yadda take. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce sai an ga aikinta. Wata mai laɓewa ce, ba a ganin aikinta sai ta gamu da ƴar uwarta irinta. Kuma in mai su ya tashi haihuwa, ɗaya kaɗai cikin biyun yake ba kowane ɗa. Ya buga wannan a 1866, ba wanda ya kula. Ya rasu a 1884. Sai a 1900 wasu masana suka sake gano abin, suka tarar ya riga su.

YADDA YAKE A JIKIN MUTUM

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Cikin kowace akwai wasu zarurruka 46, biyu-biyu, watau tagwaye 23. An tabbatar da wannan adadi a 1956. A jikin zarurrukan nan ƙwayoyin gado suke jere kamar ƴaƴan tasbaha, wajen dubu ashirin. Abin da aka yi zaren da shi, shi ne wanda masu Faransanci ke kira ADN, an gano siffarsa a 1953.

A gafarce ni. Maniyyin namiji yana ɗauke da zare 23, ƙwan mace yana ɗauke da 23. In Allah Ya nufi ciki sai su haɗu su zama 46. Rabi na uba, rabi na uwa. Muna cewa mace gona ce, namiji ke da iri. A wajen gadon jiki, kowannensu ya kawo rabin irin. Kuma kowane ciki da rabin da ake ɗebo masa, ba wanda aka ɗebo ma wansa ba. Shi ya sa ƴan ɗaki ɗaya suke kama da juna amma ba su zama ɗaya, wannan ya biyo kakansa na wajen uwa, wannan ta biyo gwaggonta. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ne kaɗai gadonsu yake zama iri ɗaya.

Ku riƙe wannan, maza. Cikin tagwayen zare 23 akwai guda da ke raba namiji da mace. Mace tana da X biyu. Namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Uwa X kaɗai gare ta, shi take bayarwa kowane ciki. In X ya fito daga uba, ɗiya ce. In Y ya fito, ɗa namiji ne. To, wanda ya saki matarsa ko ya yi mata gori don tana haihuwar mata, ya sani abin daga jikinsa ya fito. Shi ma ba a ce laifinsa ba ne, don ba shi ke zaɓe ba. Kyauta ce ta Ubangiji, Yana ba wanda Ya so mata, Yana ba wanda Ya so maza.

Haka zancen zabiya. Uwa baƙa, uba baƙi, a haifi zabiya, sai a fara raɗe-raɗi. Ƙwayar zabiya mai laɓewa ce, irin ta gajeren waken nan. Uwa na ɗauke da ita, uba na ɗauke da ita, ba wanda ya sani, sai ran da suka haɗu a jikin yaro ɗaya. Malamanmu suna nan, sun san labarin mutumin da ya zo ma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda launinsa. Aka tambaye shi launin raƙumansa, da ko akan samu mai wani launi a cikinsu. Ya amsa akan samu, kuma yana ganin wani asali ne na can baya ya jawo shi. Aka nuna masa ɗansa ma haka ne, ba a ba shi damar kore shi ba.

Akwai kuma abin da ba ya bin wannan hanya. Kakanninmu sun yi aska a fuska, Bagobiri da tasa, Bakatsine da tasa, amma ba a taɓa haihuwar yaro da aska ba. Abin da aka yi ma jiki daga waje ba ya shiga zaren gado. Kuturta da tarin fuka, da muke cewa na gidan wane ne, ƙwayoyin cuta ke kawo su, zama tare ke yaɗa su, kuma suna warkewa da magani. Tsawo kuwa da launin fata, ƙwayoyin gado masu yawa ke haɗuwa su yi su, shi ya sa ba su fita uku da ɗaya, ana samun kowane mataki. Abinci ma yana da nasa rabo: yaron da ya gaji tsawo, in yunwa ta same shi yana ƙarami, ba zai kai inda aka ɗebar masa ba. Iri mai kyau a jigawar da ba taki, kun san abin da yake bayarwa.

AMOSANIN JINI

Yanzu mu komo kan yayata. Ciwon da ya kashe ƴaƴanta shi ne amosanin jini. A takardar likita ana rubuta drepanositoz, ƴan uwanmu na Najeriya suna ce masa sikila. Wani likita a Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1910, amma mutanen Afirka sun daɗe da saninsa da sunayensu.

Jajayen ƙwayoyin jini na mai lafiya kewayayyu ne, masu laushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba wuya, kuma kowace tana kai wajen kwana 120. Na mai amosani sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su toshe jijiya. Inda jini bai kai ba, nan ciwo ke tashi, a ƙashi, a ciki, a ƙirji. Kuma ba su wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jininsa kullum a ƙarance yake, idonsa ɗorawa. Jariri yana zuwa da wani irin jini na cikin ciki da ke kare shi, sai ya kai wajen wata shida wannan jinin ya ja baya, ciwon ya fito fili.

Ƙwayar gado ta jini mai lafiya ana kiranta A, ta amosani ana kiranta S. Kowa biyu gare shi. Mai AA ba shi da komai. Mai AS lafiyayye ne, yana noma, yana dako, yana kokawa, amma yana ɗauke da S a laɓe. Mai SS shi ne marar lafiya.

Na zo da goro don ku gani da ido. Farin goro shi ne A, ja shi ne S. Masu sayar da jan goro ku yi haƙuri, misali ne. Aljihuna na dama shi ne uba, na sa fari ɗaya ja ɗaya. Na hagu ita ce uwa, fari ɗaya ja ɗaya. Kowane ciki, a sa hannu ba a duba ba, a ciro ɗaya nan, ɗaya nan. Hanya huɗu ce. Fari da fari, AA. Fari na uba da ja na uwa, AS. Ja na uba da fari na uwa, AS. Ja da ja, SS. Ɗaya cikin huɗu, daidai da waken Mendel.

Ku lura, bayan kowane ciki goron yana komawa aljihu. Kada wani ya ce na haifi mai ciwo ɗaya, uku masu zuwa sun tsira. Wani gida ja da ja ba su taɓa haɗuwa ba cikin haihuwa shida. Gidan yayata sun haɗu sau uku cikin bakwai. Amaryar kuwa aljihunta fari biyu ne, ko me mijin ya ciro ba zai samu ja na biyu ba. Ga yadda lissafin yake, a rubuta shi cikin takardar ƙungiya:

AA da AA: ƴaƴa duka AA.
AA da AS: kowane ciki, ko AA ko AS, rabi da rabi. Ba mai ciwo.
AS da AS: kowane ciki, ɗaya cikin huɗu SS ne.
AA da SS: ƴaƴa duka AS. Ba mai ciwo.
AS da SS: kowane ciki, rabi SS ne.
SS da SS: ƴaƴa duka SS.

Ba a samun ɗa SS sai uba ya ba da S, uwa ta ba da S. Duk gidan da aka ɗora ma mace ita kaɗai, an zalunce ta. Akwai kuma wata ƙwayar da ake kira C, ta fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, mu ma muna da ita. In S ta haɗu da C, watau SC, shi ma ciwo ne, ko da yake yakan fi SS sauƙi. Ƴan uwan da ke aure can su kula.

Wani zai ce me ya sa abin ya yi yawa a ƙasashenmu, har a wurare da dama na Afirka ta Yamma mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da S? A 1954 wani masani, Anthony Allison, ya nuna cewa yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin sauro mai tsanani. Inda sauro ya yi yawa, masu AS sun fi rayuwa su haihu, sai ƙwayar ta yaɗu. Ke nan mai AS ba abin kunya yake ɗauke da shi ba, garkuwa ce ta kare kakanninsa. Haɗuwar biyu ce ke kawo wahala.

AUREN ZUMUNCI

Iyayena, na san wannan wuri da ƙaiƙayi. Auren gida halal ne, yana riƙe zumunci, yana tsare gona cikin dangi, ni ma ɗan auren gida ne. Abin da ilimi ya nuna shi ne, taubasai da ƴaƴan wa da ƙane sun haɗa kakanni, wajen kashi ɗaya cikin takwas na gadonsu iri ɗaya ne. In kaka yana da ƙwaya mai laɓewa, tana iya sauka ta wajen ɗansa, ta sauka ta wajen ɗiyarsa, ta gamu da kanta a jikin tattaɓa-kunne. Bare da bare ma suna iya zama AS da AS, tunda abin ya yi yawa cikinmu. Don haka ba cewa nake a bar auren gida ba. Cewa nake a auna, na gida da na waje.

Abin da ya tashe ni tsaye yau ke nan. Ƴaƴan amaryar nan biyar masu lafiya, kowanne yana iya zama ya ɗauki S na ubansa. Ƴaƴana ma haka. Yanzu sun girma, jikoki sun taso, kuma ina jin ana cewa a haɗa wance da wane. In ba a auna ba, kabarin da muka haƙa shekarun baya za mu sake haƙawa.

Awon ba wuya, jini kaɗan ake ɗiba. Akwai wanda ake kira awon Emel, yana nuna akwai S ko babu, amma ba ya raba AS da SS, kuma ba ya ganin C. Wanda ya fi shi ana kiransa elektroforez, shi ke fitar da baƙaƙen biyu sarai. A tambaya a manyan asibitoci, kuma a Yamai akwai cibiyar ƙasa ta wannan ciwo. A yi shi tun kafin a kai kayan tambaya, tun zuciya ba ta kafe ba, tun ba a ci kuɗin kowa ba. Ranar da aka sa biki ba ranar awo ba ce.

Wanda Allah Ya riga Ya ba ɗa mai SS, kada ya fid da rai. Yau da yawa suna girma, su yi karatu, su yi aure. A yawaita ba shi ruwa. A rufe shi lokacin hunturu, kada a yi masa wanka da ruwan sanyi. Ya kwana cikin gidan sauro. A cika masa alluran rigakafi. In jikinsa ya yi zafi, ko ya yi fari, ko cikinsa ya kumbura wajen saifa, ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi gidan likita a ranar, kada a jira gobe. Kada a yi masa tsaga ko ƙaho, jinin da ke gare shi bai ishe shi ba. Akwai magungunan da likita ke rubutawa a sha kullum, masu taimakon jini da masu kare shi daga ƙwayoyin cuta, da wani mai suna hidroksiyure da ke rage tashin ciwon. Ana warkar da wasu ta dashen ɓargo, kuma a 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani da ke gyara ƙwayar gado, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Mu abin da ke hannunmu awo ne da kulawa. Kuma ciwon ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwana tare, kada a ware yaro.

Ina roƙon ƙungiya abu uku. Na ɗaya, a ware wani abu cikin asusu don biyan awon samari da ƴan mata da iyayensu ba su da hali. Na biyu, ƴan uwa na waje, ku da ke aiko kuɗin sadaki da kayan ɗaki, ku auna kanku can inda kuke, ku zo da takardar. Na uku, iyaye da limamai, in an zo neman aure a tambayi takardar awo kamar yadda ake tambayar asali da sana'a. Na gode da kuka saurare ni.

TAMBAYOYIN DA AKA YI

Wani dattijo ya ce, wannan ba jayayya da ƙaddara ba ne? Mai jawabi ya ce: Baba, ranka ya daɗe, kai ka koya mana zaɓen iri. Kana zaɓe, ka shuka, sannan ka ɗaga hannu ka roƙi ruwa. Ba wanda ya ce ka yi jayayya da Allah. Awon ma sababi ne, abin da Ya hukunta shi zai faru.

Wata uwa ta ce, in aka san ɗiyarta AS ce, wa zai aure ta? Ya ce: Inna, masu AA sun fi yawa, kowanne cikinsu zai aure ta ba tare da fargaba ba. Ni AS ne, na yi aure, na haifi ƴaƴa. Takardar awo sirri ce tsakanin gida biyu, ba ta bakin rijiya ba ce. In aure bai yiwu ba, a ce Allah bai yi ba, a rufa ma juna asiri.

Wani saurayi daga Abijan ya ce, ko magani ko shekaru suna juya AS ya koma AA? Ya ce ba su juyawa, yadda aka haife ka haka za ka zauna. Duk wanda ya ce yana da sassaƙen da ke wanke shi, kuɗinka yake so. Sai dai wanda aka yi ma ƙarin jini kwanan nan ya jira wajen wata uku kafin ya auna, don jinin wani yana iya rikita awon.

Aka tambaye shi yayarsa fa. Ya ce ran da aka karanta musu takardun, mijinta ya daɗe bai yi magana ba, daga baya ya nemi gafararta gaban ƴaƴansu. Yau ita ke tare jikoki tana tambayarsu ko sun auna.

Daga nan liman ya yi addu'a, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ba mu zuri'a mai albarka, Ya mai da matafiya gidajensu lafiya. Maganar asusun awo an bar ta sai taro mai zuwa. Wanda ke da shawara ya aiko ma magatakardan ƙungiya. Wassalam.